Fatima Ahmad Ibrahim, macen farko da ta shiga majalisar dokokin Sudan

Ranar 16 ga watan Agusta na shekara ta 2017, dubban mutane suka cika titunan Umdurman, babban garin nan da ke tsallaken kogin Nilu daura da Khartum, don rakiyar gawar wata dattijuwa da ta rasu a Landan kwana huɗu kafin nan. Mata sun fito da yawa, sanye da tob, wato doguwar lulluɓin da matan Sudan suke naɗawa tun daga kai har ƙafa. Manyan gwamnatin Janar Umar al-Bashir, har da firaminista, sun zo don a yi jana'iza da su, amma jama'a suka taso musu da ihu har sai da suka bar wurin. Talakawa, malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata su ne suka kai ta maƙabartar Bakri.

Sunanta Fatima Ahmad Ibrahim. Ita ce mace ta farko da aka zaɓa depite a Sudan, cikin shekara ta 1965, kuma ta yi sama da shekara sittin tana ƴar jam'iyyar kwaminis. Ga mai karatu da ya saba jin cewa ɗan kwaminis shi ne wanda ya rabu da addini da al'adar gidansu, labarinta zai ba shi mamaki, domin wagga mata ba ta taɓa ajiye tob ba, ba ta bar sallah ba, kuma da hujjojin addini take mayar wa masu sukarta martani. Abin da ta sa gaba kuwa a fili yake: albashin mace, hutun haihuwarta, kuɗin ritayarta da yardarta kafin a ɗaura mata aure. Ta samu da yawa daga cikinsu, ta kuma biya da abin da ya fi komi tsada a wurinta.

Ɗiyar gidan malamai

An haifi Fatima a wajejen shekara ta 1930, ta tashi a Umdurman, garin da alhazanmu na da, masu tafiya Makka a ƙasa, suka sani sarai don nan ne ɗaya daga manyan zangonsu. A lokacin Sudan tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, ko da yake Turawan Ingila ne suke riƙe da akalar komi.

Gidansu gidan ilimi ne. Kakanta malami ne kuma liman. Mahaifinta ya yi karatu a kwalejin Gordon da ke Khartum, wadda daga baya ta zama jami'a, ya kuma koyar a makarantar gwamnati kafin su saɓa da Turawan mulki a raba shi da aikin. Mahaifiyarta tana cikin ƴan mata na farko-farko da suka shiga lakwal a ƙasar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sai a shekara ta 1907 ne Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantar ƴan mata ta farko a garin Rufa'a, kuma da ƴaƴan gidansa da na maƙwabta ya fara. Cikin ƴan'uwanta maza akwai Salah Ahmad Ibrahim, wanda ya zama ɗaya daga fitattun mawaƙan Larabci na Sudan.

A makarantar sakandaren ƴan mata ta Umdurman ne halinta ya fara bayyana. Ta riƙa rubuta wata jaridar bango da ake liƙawa a makaranta, tana maganar haƙƙin mata da mulkin mallaka. Sa'ad da shugabannin makarantar suka yanke shawarar soke darussan kimiyya, a maye gurbinsu da koyon girki da aikin gida, bisa tunanin cewa ƴa mace ba ta da buƙatar kimiyya, sai Fatima ta haɗa kan ƴan'uwanta ɗalibai suka ƙaurace wa aji. Dole aka maido da darussan. Ana ɗaukar wannan a matsayin yajin aikin mata na farko a Sudan. Da ta gama sakandare ta kama aikin koyarwa, tana kuma rubutu a jaridu da sunan aro.

Ƙungiyar Matan Sudan

A farkon shekara ta 1952, wasu ƴan mata masu ilimi, mafi yawansu malaman makaranta da ma'aikatan jinya, suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. Cikinsu akwai Fatima Talib, wadda ta fara shugabantarta, da Khalida Zahir, ɗaya daga mata biyu na farko da suka zama likitoci a ƙasar, da Hajja Kashif, da Nafisa Ahmad al-Amin, da kuma Fatima Ahmad Ibrahim.

Ba da jawabin siyasa suka fara ba. Sun buɗe ajin yaƙi da jahilci na yamma a unguwanni, suna koya wa matan aure karatu, ɗinki, tsafta da kiwon jarirai. Ta wannan ƙofa suka shiga gidaje, maza kuma ba su ga abin hanawa ba. A hankali sai aka shiga maganar tsadar sadaki, auren dole, sakin wulaƙanci da halin da mata ma'aikata suke ciki. Wannan hali kuwa mai tsanani ne: malamar makaranta tana karɓar albashi ƙasa da na namijin da suke aiki ɗaya, ba ta da kuɗin ritaya, in kuma ta yi aure sai a cire ta daga jerin ma'aikatan dindindin a mayar da ita ta wata-wata, wadda za a iya sallama ko yaushe.

A watan Yuli na shekara ta 1955 ƙungiyar ta fara buga mujalla mai suna Sautul Mar'a, ma'ana Muryar Mace, Fatima ce babbar editarta. Tunda mafi yawan mata ba su iya karatu ba, sai aka riƙa sa zane-zane masu ban dariya da saƙo a ciki, wadda ta iya karatu kuma ta tara maƙwabta ta karanta musu. Sudan ta samu ƴancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, kuma a wannan shekara aka zaɓi Fatima shugabar ƙungiyar.

Kwaminis mai sallah

Tun a shekara ta 1954 ta shiga jam'iyyar kwaminis ta Sudan. Me ya kai ɗiyar liman can? Amsar tana cikin yadda siyasar ƙasar take a lokacin. Manyan jam'iyyu biyu sun dogara ne ga manyan gidajen addini biyu, gidan Mahadi da gidan Mirgani, kuma babu gurbin mace a cikinsu. Jam'iyyar kwaminis, wadda aka kafa a shekara ta 1946, ita ce ta fara karɓar mata a matsayin mambobi. Ƙarfinta yana cikin ma'aikatan jirgin ƙasa na garin Atbara, manoman auduga na Jazira da ɗalibai, har ta zama ɗaya daga jam'iyyun gurguzu mafi ƙarfi a ƙasashen Larabawa da Afirka, ƙarƙashin sakatarenta Abdul Khaliƙ Mahjub.

Fatima ta ɗauki abin da ya dace da ita daga aƙidar: cewa talauci da jahilci su ne tushen danniyar mata, kuma mace ba za ta samu ƴanci ba muddin ba ta da abin hannunta. Amma ba ta yarda cewa namiji shi ne abokin gabar mace ba, ba ta kuma yarda cewa ƴanci shi ne kwaikwayon shigar Turawa ko halinsu ba. Tana hana ƴan ƙungiya yin duk abin da zai ba masu adawa damar zubar musu da mutunci. In malamai suka ce abin da take nema ya saɓa wa addini, sai ta koma ga Alƙur'ani da tarihin Musulunci ta nuna cewa mace tana da haƙƙin mallakar dukiya, neman ilimi da faɗin ra'ayinta kan wanda za ta aura. Ta nace kuma cewa ƙungiyar ta dukan mata ce, ba reshen jam'iyya ba ce. Duk da haka wasu mambobi masu ra'ayin Ƴan'uwa Musulmi sun fice, daga baya suka kafa tasu ƙungiya.

Daga titi zuwa majalisa

Ranar 17 ga Nuwamba 1958 Janar Ibrahim Abbud ya yi juyin mulki, ya rushe jam'iyyu da sandika, ƙungiyar mata ma ba ta tsira ba. Matan suka koma aiki a ɓoye, a gidajen biki da na suna, mujallar kuma ta ci gaba da fita duk da takurawa. Ko a wannan zamani an samu wani ci gaba: a shekara ta 1960 hukumar alƙalan shari'a ta fitar da umarnin cewa ba a ɗaura wa mace aure sai da yardarta.

A watan Oktoba 1964, bayan ƴan sanda sun harbe wani ɗalibin jami'ar Khartum mai suna Ahmad al-Ƙurashi, gari ya ɗauka. Ma'aikata, alƙalai, likitoci da malamai suka shiga yajin aiki na gama-gari, mata kuma suna sahun gaba a zanga-zanga. Cikin ƴan kwanaki mulkin soja ya faɗi. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta biyo baya ta ba dukan mata ƴancin jefa ƙuri'a da tsayawa takara. Kafin nan, ƴan tsirarun matan da suka gama sakandare kaɗai suke da ƙuri'a.

A zaɓen shekara ta 1965 an ware wasu kujeru na musamman waɗanda masu ilimin boko suke zaɓa. A nan Fatima ta tsaya, ta kuma ci. Ta shiga zauren majalisa da farin tob, ita kaɗai mace a tsakiyar maza. A wannan shekarar ce kuma aka naɗa Ihsan Fakhri alƙaliya, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a ƙasar.

Murnar jam'iyyarta ba ta daɗe ba. A watan Nuwamba 1965, bayan wani ɗalibi ya furta kalaman ɓatanci ga iyalan Manzon Allah (SAW) a wani taro a Umdurman, aka jingina shi ga ƴan kwaminis. Jam'iyyar ta ce ba ɗanta ba ne, amma majalisa ta haramta ta, ta kuma kori depite takwas daga cikin wakilanta. Kotun ƙoli ta ce wannan mataki ya saɓa wa kundin tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, har babban alƙalin ƙasa Babikir Awadallah ya ajiye aikinsa a shekara ta 1967.

Cikin wannan guguwa Fatima da ƙungiyarta ba su saki abin da suka riƙe ba. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an amince da ƙa'idar albashi ɗaya ga mace da namiji in aikinsu ɗaya, da hutun haihuwa mai albashi, da kuɗin ritaya ga mata, aka kuma kama hanyar soke tsarin aikin wata-wata na matan aure. An daina kuma abin da ake kira baitud-ɗa'a, wato tura ƴan sanda su kamo matar da ta yi yaji su mayar da ita ɗakin miji da ƙarfi. Duk macen Sudan da ta yi aikin gwamnati bayan nan ta ci gajiyar waɗannan dokoki, ko ta san sunan Fatima ko ba ta sani ba.

Baƙin watan Yuli

A cikin waɗannan shekaru ne ta auri Shafi'u Ahmad al-Shaikh, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa na Atbara, sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Sudan, wanda sunansa ya kai har ƙasashen waje. Allah ya ba su ɗa guda, Ahmad.

Ranar 25 ga Mayu 1969 Kanar Ja'afar Numeiri ya karɓi mulki. Da farko ya jawo ƴan gurguzu a jiki, ya ba wasunsu muƙamin minista, amma ya so jam'iyyar ta narke cikin tasa jam'iyya guda, su kuma suka ƙi. Ranar 19 ga Yuli 1971 wasu hafsoshi masu ra'ayin kwaminis, ƙarƙashin Manjo Hashim al-Ata, suka kifar da shi suka tsare shi. Biyu daga shugabannin juyin suna Landan. Da suka taso zuwa gida, sai Kanar Gaddafi na Libiya ya tilasta wa jirginsu sauka a ƙasarsa, ya miƙa su. Ranar 22 ga Yuli sojojin da ke biyayya ga Numeiri suka maido da shi kan karaga.

Ramuwar ta zo da sauri. Kotunan soja suka yi zama na ƴan sa'o'i. Aka harbe hafsoshin, aka rataye Abdul Khaliƙ Mahjub, da Joseph Garang, lauya ɗan kudancin Sudan, da Shafi'u mijin Fatima. Shafi'u farar hula ne, kuma shekara guda kafin nan aka ba shi lambar zaman lafiya ta Lenin, amma roƙon da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suka yi bai cece shi ba. Ɗansu yana ƙaramin yaro a lokacin.

Aka tsare Fatima a gida shekara biyu da rabi. Aka haramta ƙungiyarta, gwamnati ta kafa wata ƙungiyar mata tata ta kanta. Da aka sake ta ba ta yi shiru ba. Ta ci gaba da cewa an kashe mijinta bisa zalunci, ta riƙa taimakon iyalan waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɗaure, aka yi ta kama ta ana saki. Tana nan a ƙasar har watan Afrilu 1985, sa'ad da wata zanga-zangar ta jama'a ta kawo ƙarshen mulkin Numeiri yana can Amurka.

Gudun hijira da komowa

Mulkin farar hula shekara uku kacal ya yi. Ranar 30 ga Yuni 1989 Umar al-Bashir ya yi juyin mulki da goyon bayan jam'iyyar Hasan al-Turabi. Aka sake rushe jam'iyyu da ƙungiyoyi, aka kori dubban ma'aikata, aka kafa dokokin da suka ba ƴan sanda ikon kama mace a titi saboda shigarta, a yi mata bulala. A shekara ta 1990 Fatima ta bar ƙasar ta zauna a Ingila, ta ci gaba da adawa daga can.

A waje aka san darajarta. A shekara ta 1991 aka zaɓe ta shugabar Tarayyar Matan Dimokuraɗiyya ta Duniya, babbar ƙungiyar da aka kafa a Paris a shekara ta 1945. A shekara ta 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ƙungiyar Matan Sudan lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam, Fatima ce ta karɓa. A shekara ta 2006 kuma aka ba ta lambar Ibn Rushd ta ƴancin tunani a Berlin.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta shekara ta 2005 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen kudu, ta komo gida, aka ba ta ɗaya daga kujerun jam'iyyar kwaminis a majalisar riƙon ƙwarya, shekara arba'in bayan shigarta ta farko. Ba ta daɗe ba. A shekara ta 2007 ta sauka daga shugabanci, tana mai cewa lokaci ya yi da tsofaffi za su ba matasa wuri. Da tsufa da rashin lafiya suka yi nauyi ta koma Landan kusa da ɗanta, a can ta cika ranar 12 ga Agusta 2017.

Abin da ake sukarta da shi

Ba kowa ne ya yarda da hanyarta ba, kuma suka ta zo mata ta ɓangare biyu. Masu ra'ayin addini ba su taɓa yafe mata sunan kwaminis ba. A wurinsu aƙidar da aka gina kan littattafan Markis ba ta haɗuwa da imani, ko da mai ita yana sallah. A ɗaya ɓangaren, matasan mata masu fafutuka sun ce ta cika taka-tsantsan, ta fifita albashi da ƙuri'a, ta bar abin da ke faruwa cikin ɗaka. Babban misalinsu shi ne kaciyar mata, wadda ta zama ruwan dare a Sudan. Ƙungiyarta ba ta goyi bayan al'adar ba, amma ba ta sa ta a sahun farko ba, don a ganin Fatima jahilci ne ya haife ta, ilimi kuma shi zai kashe ta.

Wannan tsantseni yana da tarihi. A shekara ta 1946 Turawan mulki sun kafa dokar hana mafi munin nau'in kaciyar, da aka kama wata mata a Rufa'a kuwa sai gari ya yi bore, don mutane sun ɗauki dokar a matsayin shisshigin baƙo cikin gidajensu. Fatima ta tashi da wannan darasi: abin da aka ɗora wa jama'a daga sama ba ya zama. Masu sukarta su kuma suna cewa jiran ya yi tsawo, domin sai a shekara ta 2020 aka sa kaciyar mata cikin manyan laifuka a dokar ƙasa, bayan miliyoyin ƴan mata sun riga sun sha wahalarta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Bayan ta

Wata goma sha shida bayan jana'izarta, a watan Disamba 2018, zanga-zangar tsadar burodi ta tashi a Atbara, garin mijinta, ta bazu ƙasa duka. Mata sun yi yawa ƙwarai cikin masu zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja a Khartum, kuma hoton da duniya ta fi sani shi ne na wata ɗaliba tsaye a kan mota da farin tob, irin wanda malaman makaranta na zamanin Fatima suke sawa. Ranar 11 ga Afrilu 2019 al-Bashir ya faɗi, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma aka soke dokar da ake yi wa mata bulala da ita.

Sai dai Sudan ba ta huta ba. Sojoji sun sake ƙwace mulki a watan Oktoba 2021, kuma ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin rundunar soja da dakarun RSF. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, mata suka fi kowa shan azaba, Umdurman kanta, inda kabarinta yake, ta zama filin daga. Sau uku a rayuwarta soja suka rushe ƙungiyarta, a zamanin Abbud, na Numeiri da na al-Bashir, sau uku kuma matan suka koma gida-gida suna koyar da karatu har aka sake buɗe ƙofa. Wannan aiki ne yake jiran jikokinta ranar da bindiga ta yi shiru. Allah ya jiƙanta, ya ba Sudan lafiya.